Jinga da wanda ba ka taɓa gani ba

Muna so mu ba da labarin wata sana'a da ta shigo gidaje da dama a ƴan shekarun nan, wadda ta sa iyaye ke ganin ƴaƴansu zaune a ɗaki gaban kwamfuta tun hantsi har bayan isha'i, su rasa gane ko aiki ake yi ko zaman kashe wando. Mu biyu ne, wa da ƙane, a gidan wani liman a Maraɗi, kuma tun shekarar 2020 da wannan sana'a muke ci. Muna fassara takardu daga Faransanci zuwa Hausa, muna kuma sauraron muryoyin da aka ɗauka mu mayar da su rubutu. Masu ba mu aikin suna Faransa da Kanada, ta intanet suke aiko shi, ta nan muke mayar musu, ba mu taɓa yin musafaha da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ya kamata a gane tun farko cewa mu ba ma'aikatansu ba ne. Babu albashin ƙarshen wata, babu hutun shekara, babu fansho, ranar da zazzaɓi ya kwantar da mutum kuwa, babu ko dala da za ta shigo aljihunsa. Mahaifiyarmu ta daɗe tana tambayarmu inda ofishin yake da kuma sunan maigidanmu, mu yi ta bayani ba ta gamsu ba. Malam, mahaifinmu, wanda bai taɓa danna kwamfuta ba, shi ya fi kowa saurin fahimta. Ya saurare mu a zaure wata rana bayan la'asar, ya ce: "To, ai jinga ce. Mai rijiya ya kira mai haƙa, sun yi tsada, sai dai ku rijiyar taku tana bayan teku." Tun daga ranar ba a sake tambayarmu ofishi ba.

Abin da ke jawo matasa ga wannan aiki a bayyane yake. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne, wato kusan 656, kuma wannan ma'auni ba ya motsi, saboda haka abin da Bafaranshe ke gani kuɗin cefane ne yana iya riƙe gida a nan mako guda. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne agogo. Faransa ba ta da wahala, lokacin sanyinsu agogonmu ɗaya, lokacin zafinsu sun riga mu da awa ɗaya kawai. Amma mutanen Monriyal suna bayanmu da awa 5 a zafinsu, awa 6 a sanyinsu, don haka idan suka sa taro ƙarfe 2 na ranarsu a watan Yuni, mu nan ladan ne ke shirin kiran magariba. Mun sha fama da wannan kafin mu koyi faɗa musu kai tsaye cewa akwai lokutan da ba a samun mu, kuma abin mamaki ba wanda ya taɓa jin haushi. Wasu ayyukan da awa ake biya, akwai agogo a cikin kwamfuta da ke ƙirga wa mutum lokacinsa. Malam ya yanke mana hukuncinsa tun da wuri: duk wanda ya tashi alwala ya tsayar da agogon, domin ba a sayar wa mutum lokacin da aka ba wa Allah.

Haka muka tafi lafiya har damina ta 2023. A ranar 26 ga Yuli aka yi sauyin mulki a Yamai, a ranar 30 ga watan ƙungiyar CEDEAO ta sa wa ƙasa takunkumi, aka rufe iyakoki, a farkon Agusta kuma wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya, wadda ita ce mafi yawan abin da ƙasa ke amfani da shi a lokacin, ta yanke. Ba siyasa muka zo yi a wannan shafi ba, kowa ya san abin da ya gani a gidansa. Mu dai abin ya same mu muna tsakiyar wani aiki na yuro 600, wato jikka 393 da ɗoriya, wanda aka ce mu kammala cikin kwana 10. Muka yi ta yawo da kwamfuta a jaka, daga shagon mai injin wuta zuwa gidan abokin da ke da batir, har wa'adi ya cika mun yi kashi uku cikin huɗu. Muka aika da abin da ya samu tare da ba da haƙuri. Mai aikin ya amsa da ladabi, ya yi mana jaje, ya ce ya ba wani, kuma yarjejeniya ba ta tanadi biyan aikin da ba a gama ba.

Cike da fushi muka je wurin Malam, muna jiran ya ce an zalunce mu. Bai ce ba. Ya sa aka karanta masa yarjejeniyar ana juya masa ita da Hausa, sannan ya ce a miƙo masa Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, littafin da muka sauke a gabansa muna yara, ya buɗe babin ciniki. Ya tuna mana cewa malaman Malikiyya sun raba tsakanin ijara, inda ake ambata lada da wa'adi, da ji'ala, inda ake sa lada a kan samuwar wani abu, kamar dawo da raƙumin da ya ɓace ko haƙa rijiya, kuma a ji'ala mai aiki ba shi da komai sai ya kammala. Ya ce takardarmu ta haɗa biyun wuri ɗaya, ta ɗora mana wa'adi irin na ijara, ta kuma hana mu lada irin na ji'ala, kuma da mun kawo masa ita kafin mu amince da ya ce a gyara. "Amma kun sa hannu," in ji shi, "ba ku karanta ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, ku kuwa an rubuta muku kun ƙi dubawa." Ba mu ji daɗin wannan magana ba, musamman da yake ba mu da amsar da za mu ba ta.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin dalilin wannan rubutu, kuma ba abin alfahari ba ne. A watannin nan kuɗi sun yi wuya a bankuna, aiki ya ja baya, wasu masu ba da aikin da zarar sun ga sunan ƙasarmu sai su yi shiru. Ana cikin haka sai muka ga wani aiki mai tsoka, na rubuta hirarrakin da aka yi da masu jin Hausa a kan lafiyarsu, amma an ce sai wanda ke zaune a Turai. Muna da ɗan baffa a Liyon, yana da rajistar mai sana'ar kansa, wadda can suke kira micro-entrepreneur. Muka roƙe shi, ya karɓi aikin da sunansa, yana turo mana muryoyin, muna yi, yana miƙawa, in an biya ya aiko mana. Akwai ma manhajar da ke sa kwamfutar Maraɗi ta bayyana kamar tana Faransa, muka sa ta. Mun shawo kan zukatanmu da hujjoji masu daɗin ji. Muka ce aikin dai mu muka iya shi fiye da kowa, ba wanda aka cuta, kuma sharaɗin zama a Turai raini ne kawai ga baƙar fata. Wata biyu muna yi, buhun gero ya shigo gida, aka biya kuɗin makarantar ƙannenmu.

Malam ya lura cewa kuɗi sun dawo alhali wuta ba ta dawo ba. Wata safiya bayan ya sallami ɗalibai ya ce mu zauna, ya tambaye mu sunan wa ke kan takardar wannan karon. Muka ce, "Allah gafarta Malam, sunan ɗan'uwanmu ne, ai duk gida ɗaya ne." Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce idan mutum ya yi jinga a kan a gina masa katanga ko da hannun wa, maginin na iya sa yaransa, amma idan ya ce kai nake so, a wuri kaza, to sa wani a ɓoye algus ne, ko da na biyun ya fi na farkon iya gini. Muka kawo zancen raini. Ya ce, "Kun tambaye shi dalilinsa?" Ba mu tambaya ba. Daga nan bai ƙara cewa komai ba, sai dai a ranar ya aika wa mahaifiyarmu cewa kada a zuba masa tuwon geron nan sai an warware maganar. Duk wanda ya tashi a gidan malamai ya san nauyin irin wannan saƙo.

Da muka bincika, sai muka tarar akwai doka a bayan sharaɗin. Tarayyar Turai tana da dokar kare bayanan mutane, wadda ake taƙaita sunanta da RGPD a Faransanci, ta fara aiki a ranar 25 ga Mayu 2018. Ta tsananta a kan bayanan lafiya, ta kuma sa sharuɗɗa kafin a fitar da bayanan mutum zuwa wata ƙasa da ke wajen Tarayyar. Wato mutanen da muke sauraron muryoyinsu suna faɗin cututtukansu an yi musu alkawarin inda maganarsu za ta tsaya, mu kuwa muna jin ta a wani ɗaki a Maraɗi, wani lokacin ma a shagon mai caji, da mutane a gefe. Ba mu ce babu raini a duniyar wannan aiki ba, akwai shi, mun sha ganin an biya ɗan Turai ninkin abin da aka biya mu a kan aiki iri ɗaya. Amma a wannan karon mu ne muka ci amana, kuma ta mutane masu yarenmu. Akwai kuma ɗan baffan namu, wanda duk yuron da ya shiga da sunansa hukumar can tana lissafa shi cikin cinikinsa, ta yanki kasonta. Kunya ta hana shi faɗa mana, daga aljihunsa yake cikawa.

Mu uku muka rubuta wa mai aikin wasiƙa, muka faɗi abin da ya faru ba tare da ƙawata shi ba. Ya dakatar da aikin nan take, ya sa muka goge duk abin da ke hannunmu, ya riƙe kuɗin kason ƙarshe, bai kuma sake ba ɗan'uwanmu aiki ba har yau, wanda shi ne abin da ya fi yi mana ciwo, domin shi a wannan hanyar yake biyan hayar ɗaki. Mun ɗauki wata 7 muna mayar masa da abin da ya biya a madadinmu. Game da kuɗin da muka riga muka ci, Malam ya ce aikin an yi shi kuma an karɓa, mai haƙƙi ya sani bai nemi a mayar ba, saboda haka sai istigfari. A daren ne ya ci tuwo.

An ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairu 2024, wuta ta dawo bayan haka, amma ba mu koma yadda muke ba. Da kuɗin farko da suka shigo muka sayi faifan hasken rana biyu da batir. Duk aikin da ya wuce na kwana 3 yanzu muna neman a raba shi kashi-kashi, kowane kashi da ladansa, a kuma rubuta abin da zai faru idan wuta ko intanet ta yanke. Wasu sun ƙi, mun bar su. A saman kowace wasiƙar neman aiki muna rubuta Maraɗi, Nijar, kuma mun san akwai ƙofofin da wannan layi ɗaya ke rufe mana. Farashin fassara ma ya faɗi tun da na'urori suka fara yin ta, har yawancin abin da ake kawo mana yanzu gyaran fassarar na'ura ne, a kan lada ƙasa da na da. Idan mai aiki ya ce hannun mutum yake so, ba mu ba shi na na'ura.

Matasan unguwa sukan zo su ce mu koya musu, kuma muna koyarwa, ran Alhamis da Juma'a da hantsi, lokacin da allunan zaure ke hutawa. Makon jiya wani yaro ya zo da murnarsa, ya samu aikin farko daga wani kamfani a Beljiyam, yana so mu nuna masa inda zai danna ya amince. Takardar shafi 4 ce da Faransanci. Muka buga masa ita a shagon bakin kasuwa, muka ce ya biyo mu zaure, Malam na nan bai shiga gida ba tukuna.