Wa Zai Juya Inna?

A Amurka akwai wasu unguwanni da aka gina domin tsofaffi kaɗai, sun kusa dubu biyu a faɗin ƙasar. 'Yar kawuna da ke aikin jinya a ɗaya daga cikinsu ce ta kwatanta mini tsarinsu. Mutum yakan shiga da ƙafarsa tun yana da sauran ƙarfi, a ba shi ɗakinsa da madafarsa, ya ci gaba da harkokinsa. Idan jiki ya fara ƙi, sai a mayar da shi wani sashe inda za a taimaka masa da wanka da sa tufafi da shan magani a kan kari. Idan ya kwanta, ko gigin tsufa ya kama shi, akwai sashe na uku mai ma'aikatan jinya dare da rana. Duk a haraba guda, don kada a raba shi da matarsa ko abokan hirarsa. Kuɗin shiga kuwa ba na wasa ba ne, da yawa sai sun sayar da gidajensu, ga kuma na wata-wata. Wani ya zaɓi ya biya mai yawa tun farko domin kuɗin wata ya zauna kusan yadda yake komai tsananin jinya. Wani ya biya kaɗan, ya yarda a caje shi gwargwadon lalurar da ta taso.

Da na ba Inna wannan labari, tambaya ɗaya ta yi: "To su ba su haihu ba ne?"

Tana da hujjar tambaya, domin a Dogon Dawa da na tashi muna da waɗannan sassa uku, sai dai ba mu raɗa musu suna ba. Kakanmu ya ajiye garma ya bar wa 'ya'yansa gonar gandu, ya riƙe 'yar gayaunarsa ta bayan gari yana zuwa da sanda. Da ƙafa ta gaza ya koma zaure: shi ne mai raba gardama, shi ke faɗin ranar da za a fara yankan dawa, jikoki na kai masa kunu da buta. Da ya kwanta, gidan na da magidanta huɗu da matansu da samari, babu wanda jinyar ta faɗa wa shi kaɗai. Kuɗin shigarsa ya biya tun yana saurayi, da gumin da ya ciyar da su.

Wannan gida yanzu babu shi. Garinmu na kan hanyar Birnin Gwari zuwa Funtuwa, kuma duk wanda ya san hanyar nan ya san shekarun da muka yi ana shiga mota da salati a sauka da hamdala. Gonakin da ke bakin daji suka gagara zuwa, masarar da ake taƙama da ita ta ragu, samari suka watse. Yaya yana Kaduna, ni ina Zariya, ƙannenmu mata biyu na aure a Funtuwa. Lokacin da aka katse layukan waya a yankinmu a ƙarshen 2021, makonni muka yi ba mu ji muryar Inna ba, sai saƙon baki ta hannun direbobi. Ta ƙi tashi. Ta ce kabarin Baba na nan, itacen tsamiyar da ta saba da inuwarsa na nan, kuma ita ba kaza ba ce da za a sa a akurki a bene.

Sai hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta na dama ya shanye.

A asibitin koyarwa na Shika aka nuna mana abin da jinyar mai shanyewar jiki ke bukata, kuma a nan na gane cewa ƙauna daban, aiki daban. Dole a juya ta duk bayan awa biyu, har cikin dare, in ba haka ba fatar ƙugu da ta diddige su mutu, gyambon kwanciya ya buɗe. Dole a zaunar da ita sosai kafin a ba ta kunu, don kada ta shaƙe ya gangara huhu. A motsa mata hannu da ƙafa kullum kada gaɓoɓi su ƙage. A wanke ta, a sauya shimfiɗa, a kiyaye gishiri, a tabbatar ƙwayar hawan jini ba ta yanke ba. Juyi goma sha biyu ke nan a kwana ɗaya, kuma Inna ba ƙaramar mace ba ce.

Muka zauna shawara. Yaya ya ce a kai ta Kaduna, kusa da likita. Amma ɗaki biyu yake haya da 'ya'ya shida, matarsa kuma na koyarwa. Ni na ce Zariya, sai dai gidana ba mai wuni. Ƙannenmu suka ce a riƙa karɓa-karɓa, wata uku-uku, kamar dai Inna buhun hatsi ce da za a riƙa ɗorawa a mota. Babu wanda ya ambaci gidan gajiyayyu irin na Shahuci a Kano. A wurinmu wannan na wanda ba shi da kowa ne, kuma faɗinsa ma abin kunya ne. Inna da bakinta da ya karkace ta yanke hukunci: gida za ta koma. Da yake an yi sulhu a ƙarshen 2024, har kasuwar kara ta Birnin Gwari ta sake ci, hanya ta yi dama-dama, sai muka mayar da ita.

Gida kuwa yana nufin autanmu, auta kuma yana gona tun asuba, saboda haka gida yana nufin matarsa. Yarinya ce da ba ta kai talatin ba, da goyo a baya da wasu biyu a ƙasa. Ita ke juyi, ita ke wanki, ita ke tashi tsakar dare. Mu da ke birni mukan turo kuɗin magani, mu kira waya mu ce "Allah ya ba da lada", mu kwanta mu yi barcinmu. Idan muka taru a wurin biki sai mu yi ta bugun ƙirji cewa mu Hausawa ba ma jefar da iyayenmu kamar Turawa. Gaskiya ne ba ma jefarwa. Amma a gidaje da yawa da na sani, wannan alfahari a bayan mace ɗaya yake zaune, sau da yawa ma ba ita tsohuwar ta haifa ba, kuma in gyambo ya fito ita za a fara kallo.

Ba ginin Amurkawa ne ya burge ni ba, kuma ko kyauta aka ba Inna ba za ta kwana a ciki ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, suna zama tun mutum na da lafiya su tambayi juna: in na kwanta, wa zai ɗauke ni, da wane kuɗi? Mu kuwa muna ganin yin wannan magana kamar fata ne na sharri, sai lalura ta faɗo mu kama kame-kame. Gwamnatin tarayya ta sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, amma tsohuwar da ke kwance a ƙauye har yau hannun surukarta ta sani.

Abin da muka iya shi ne muka rubuta, a takarda, kowa ya sa hannu. Akwai wata bazawara maƙwabciyarmu da ke zuwa daga la'asar ta kwana, muna biyanta duk wata. Matar auta ma mun yanka mata nata, ban da na cefane. Yaya ya so ya ce ai ibada take yi, na ce ibadar ba ta hana sabulu da zane. Ƙannenmu mata kowace na zuwa mako guda a wata, da izinin mazajensu. Mu maza kuma mun raba Juma'o'i.

Ran da nawa zuwan ya zagayo, ƙarfe biyu na dare na sa hannu zan juya ta, sai ta buɗe ido ta ce, "Kai ba ka iya ba, kira mini 'yata." Ban kira ta ba. Na bar ta ta yi barci, na juya Inna yadda na iya, tana ta mita har aka kira assalatu.