Tumatirin Baba a Cikin Kwalba

Duk wanda ya zauna a hostal ya san yadda ƙarshen wata yake. Kuɗi sun ƙare, taliya ta rage ƙulli biyu, sai ka samo tumatirin leda ɗaya ka tsinka shi da ruwa, ka ce ka yi miya. Haka na yi shekara guda ina ci, alhali ni ɗan manomin tumatir ne.

Babanmu noman rani yake yi a yankin Kadawa. Daga Fabrairu zuwa Maris tumatir kan cika kasuwa har kwando ya zama ba shi da daraja. Na sha ganin Baba ya dawo da kaya saboda kuɗin da aka taya bai kai na mota ba. Wani a yanka a shanya ya zama kauɗa, wani ya ruɓe a bakin gona. Da damina ta faɗi kuma, sai ga mu muna sayen guda huɗu da tsada. A 2016, da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki, ina yaro, amma ban manta yadda Baba ya daina magana a gida ba.

Hutun bara na ga wani bidiyo a waya: iyali guda a kudancin Italiya, kaka da jikoki, sun taru a tsakar gida suna dafa tumatir a babbar tukunya suna ɗurawa a kwalabe. Sunan abin passata, kuma a ƙarshen lokacin zafi suke yi, sa'ad da tumatir ya yi arha, su ci har shekara ta zagayo. Abin da ya ba ni mamaki, tumatir ba ma ɗan asalin ƙasarsu ba ne. Daga nahiyar Amurka Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Baƙo ne a wurinsu kamar yadda yake a wurinmu, su dai sun koyi ajiye shi.

Gwajin farko, wallahi, asara na yi. Na markaɗa da albasa da attaruhu, na soya da mai, na jefa kanwa don kashe tsami kamar yadda Inna take yi, na ɗura a kwalba. Bayan sati biyu murfi ya kumbura. Wata 'yar sashen fasahar abinci ta gani, ta ce, "Malam, kada ma ka ɗanɗana, zubar." Ita ta fahimtar da ni cewa tsamin nan da muke gudu shi ke hana ƙwayar cuta mai kisa yaɗuwa a cikin kwalba, kanwa kuwa kashe shi take yi.

Ga yadda nake yi yanzu. Tumatir nunanne mara tabo, a wanke, a yanka, a dafa har ya saki jiki, a tace da rariya a fitar da ɓawo da 'ya'ya. A mayar wuta ya ragu zuwa kusan rabi. A kowace lita a zuba cokali biyu na ruwan lemon tsami. Ban da mai, ban da albasa. A ɗura da zafinsa cikin tsabtatacciyar kwalba, a bar ɗan fili a sama, a rufe da murfi mai kyau, a nitsa kwalaben cikin ruwa su tafasa minti 45. Wadda murfinta ya kumbura ko ta yi kumfa, sai bola.

Ranar ci kuma, aikin minti goma sha biyar ne: ɗan mai, tafarnuwa, tumatirin, gishiri, da ganyen ɗoɗɗoya. A juye taliya a cikin tukunyar miyar su tafasa tare kaɗan. Na piza ya fi son kauri, a shafa shi sama-sama don kada ƙullin ya jiƙe. Mu a kasko muke gasa tamu, kan risho, an rufe da faranti. Mutumin Napoli zai yi dariya, amma a ɗakinmu ko ɓarɓashi ba ya saura.

Da na koma gida na ajiye wa Baba kwalba a watan Yuli. Ya juya ta, ya duba, ya ce, "Wannan na gonata ne?" Na ce, "Naka ne, Baba, na watan Maris." Bai ce komai ba, sai dai washegari ya aiki ƙanena ya tattaro kwalabe a maƙwabta.

Saura 'yan watanni in karɓi difloma, ban san ko aiki na jirana ba. Amma na riga na roƙi Baba ya ware mini kwando goma a rani mai zuwa.