Awo Kafin Gashi

 Dalilin wannan ɗan rubutu nawa shi ne in yi magana a kan wasu kwanaki da mai ciwon daji ke shiga, waɗanda ba a cika ba da labarinsu ba, wato kwanakin da ke tsakanin ranar da likita ya ce za a yi wa mutum gashi da ranar da za a fara gashin. Ni na ratsa su a shekarar 2024, kuma na ga yadda mutanenmu ke karaya a cikinsu. Akwai waɗanda muka fara zaman layi tare da su, suka tattara suka koma gida tun ba su ga injin gashin da idonsu ba. Yawan hotuna da awo da jira ne suka kore su, don babu wanda ya zaunar da su ya gaya musu da Hausa cewa waɗannan abubuwa su ma cikin maganin suke.

Nawa ciwon da ƙulli ya fara a gefen wuya, ga toshewar hanci ta ɓangare ɗaya, ga haɓo jefi-jefi, kunne ɗaya kuma kamar an zuba masa ruwa. Da aka ɗebi ɗan nama aka kai gwaji, sai sakamako ya nuna daji ne a can bayan hanci, sama da maƙogwaro. Likita ya ce za a haɗa mini maganin da ake ƙarawa ta jijiya, wanda ake kira kemo, da kuma gashi. Ita kanta kalmar gashi ta tayar da hankalin gidanmu, domin Inna da ta ji, tunaninta ya tafi ga wuta da garwashi. To, babu wuta a ciki. Haske ne irin wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi, sai dai ya ninka shi ƙarfi nesa ba kusa ba, ana saita shi a kan ciwon don ya kashe ƙwayoyinsa. Ba a ganinsa, ba a jin zafinsa lokacin da yake shiga, kuma mutum ba ya fitowa da shi a jikinsa balle ya shafa wa iyalinsa.

Amma kafin a kai nan, sai aka miƙo mana takardu: gwajin jini, hoton CT, hoton MRI, ganin likitan haƙori, sannan wani hoton CT ɗin kuma na daban. Mahaifina, wanda ke sayar da yadi a kasuwar Wuse, haƙurinsa ya fara ƙarewa. A gefe guda kuma dangi na bugo waya daga gida suna cewa a dawo da ni, wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Ranar da muka koma, Baba ya dubi likita ya ce, "Likita, wai hoto nawa za a yi wa mutum ɗaya? Mu fa magani muka zo nema." Likitan ya tambaye shi sana'arsa, da ya ji, sai ya ce, "Alhaji, in mutum ya sayi shadda mai tsada a wurinka ya kai wa tela, tela ya ɗauki almakashi bai auna shi ba, me za ka ce da telan nan? To shadda in ta ɓaci a sayi wata. Nan kuwa ciwon ɗanka yana maƙwabtaka da ido da ƙwaƙwalwa da lakar wuya." Baba ya yi shiru, ya ce, "A auna." Tun daga ranar bai sake ƙorafin hoto ba.

Bari in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, yadda na same su.

Hoton CT shi ne mai sauƙin. Za ka kwanta a kan gado, gadon ya ratsa ta cikin wani babban zobe, cikin 'yan mintuna an gama. Abin da yake yi shi ne yanka hoton jikin mutum fale-fale, kamar yadda ake yanka burodi, a ga abin da ke cikin kowane yanki. Sau da yawa akan sa kanula a hannu a tura wani ruwa mai haska jijiyoyi da ƙulli. Idan ya shiga, za ka ji ɗumi ya game jikinka, bakinka ya yi ɗanɗanon ƙarfe, har ka ji kamar fitsari ya kufce maka alhali babu komai. Ban da an gaya mini tun farko, da na firgita. Wannan ruwa ta ƙoda yake fita, shi ya sa ake gwajin ƙoda kafin a sa shi, kuma ake cewa a sha ruwa sosai bayan an gama. Mai asma, da mai ciwon suga da ke shan ƙwaya, da wanda irin ruwan ya taɓa tayar masa da borin jini, ya faɗa tun kafin ya kwanta. Mace kuma in tana zaton tana da ciki, kada kunya ta hana ta faɗa. Idan an ce kada a ci abinci na wasu awoyi, a kiyaye. In ba a faɗa ba, a tambaya. Matambayi ba ya ɓata.

Shi kuwa MRI ba da wancan hasken yake aiki ba. Maganaɗisu ne mai tsananin ƙarfi, kuma kullum a kunne yake ko da ba a ɗaukar kowa. Ya fi CT fito da nama mai laushi da iyakar inda ciwo ya tsaya. A nan ne mu Hausawa muke da kaya da yawa da za mu sauke a bakin ƙofa: zoben azurfa, agogo, waya, makulli, katin banki, carbi in yana da ƙarfe, laya da guru da kambu don ba ka san abin da aka ɗinke a ciki ba. Mata su cire fil na ɗankwali da 'yan kunne, su goge kwalli. Mai haƙorin Makka ya nuna shi. 'Yan uwanmu masu walda da masu gyaran mota a Apo, wanda ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa faɗa masa a ido lallai ya faɗa, haka wanda aka sa wa ƙarfe a ƙashi ko batirin zuciya. Ni na yi kusan minti 40 a cikin bututun, ƙara kuwa kamar kana kwance a gindin injin niƙa. Sun toshe mini kunne, sun ba ni wata 'yar roba a hannu in matsa idan na ƙagu. Abin da ya riƙe ni shi ne rufe ido tun kafin gadon ya shiga, da tasbihi a zuci, don ko leɓe ba a so ya motsa.

Zuwa wurin likitan haƙori ne ya fi ba ni mamaki, don ban ga haɗin haƙori da ciwon bayan hanci ba. Ashe idan hasken ya ratsa muƙamuƙi, ƙashin wurin ba ya saurin warkewa daga baya, yawu kuma yana raguwa, haƙora su riƙa lalacewa. Saboda haka duk haƙorin da ya ruɓe gara a cire shi tun kafin a fara, a ba shi kamar mako 2 ya warke. Ni ɗaya aka cire mini.

Sai babbar rana, ranar awo. Wannan shi ne hoton CT na biyu da Baba ya so ya ƙi, kuma aikinsa daban ne da na farko. Na farko don a san ciwon ne, wannan kuwa don a saita injin. An kwantar da ni a kan gado mai tauri, shafaffe kamar allo, irin wanda zan riƙa kwanciya a kai a ɗakin gashi. Suka ɗauko wata raga ta roba, suka jiƙa ta a ruwan zafi har ta yi laushi, suka ɗora mini a fuska da wuya da kafaɗa tana da ɗumi, suka bi ta da hannu har ta ɗauki siffata. Cikin kamar minti 10 ta daskare, suka maƙale gefenta a jikin gadon. Tana da ƙofofi, ana numfashi lafiya lau, amma ba zan ɓoye muku ba, mintunan farko zuciya tana bugawa. Ma'aikaciyar ta ce, "Ɗana, yi numfashi a hankali, in ka ɗaga hannu za mu tsaya." Jin cewa ina da ikon tsayar da su ya sa ban ɗaga ba. A jikin ragar suka zana alamomin da za a riƙa daidaitawa da layukan haske da ke fitowa daga bango.

Tun daga ranar, wannan raga ta zama ma'aunina. An ce in rage gemu kafin a yi ta, in kuma bar shi a haka har a gama. An ce in yi ƙoƙari kada in rame, domin in fuska da wuya suka zabge, ragar za ta yi sako-sako, sai an sake awo daga farko. Waɗanda ciwonsu ke ƙirji ko mara ba a yi musu ragar fuska. A fata ake sa musu alama, wani lokaci da alƙalami, wani lokaci ɗigon tawada ƙanana da ba sa gogewa. Kada a dirje alamar alƙalami wajen wanka. Dattawa masu ciwon furostet, da mata masu na bakin mahaifa, akan ce su sha ruwa daidai wani adadi su riƙe fitsari, kuma yadda aka yi ranar awo haka za a riƙa yi kullum.

Bayan awo sai aka ce in tafi gida, za a kira ni. Kwana 12 na yi. Waɗannan su ne kwanakin da shaiɗan ya fi samun ƙofa, don mutum na zaune yana shafa ƙulli yana ganin kamar an manta da shi. Alhali a lokacin likita na zaune gaban kwamfuta, yana bin hoton yanki-yanki yana zagaye ciwon, yana kuma zagaye abin da ba a so haske ya yi wa yawa: ido, laka, ƙwaƙwalwa, wuraren da ke samar da yawu. Daga nan masana lissafin haske su tsara ta kusurwar da zai shiga da yawan da kowane wuri zai samu, a gwada tsarin a kan injin ba tare da mutum ba, sannan a kira ka. Ana auna hasken da wani ma'auni da suke kira gire. Nawa 70 ne, aka raba shi 2 kullum, sau 35, Litinin zuwa Juma'a, mako 7. Hikimar rabawar ita ce lafiyayyen nama ya fi na daji iya gyara kansa tsakanin yau da gobe. Shi ya sa kuma ba a son fashi idan an fara, don duk ranar da aka tsallake hutu ne aka ba ciwon.

Duk da haka, jira iri biyu ne, kuma haƙƙin mara lafiya ne ya san wanne yake yi. Akwai jiran tsari, wanda na bayyana, akwai kuma jiran layi ko na lalacewar inji, domin injinan gashi kaɗan ne a ƙasar nan idan aka dubi yawanmu. Asibitin Ƙasa da ke Abuja, wanda aka buɗe a 1999, ya ƙaddamar da sabon inji a ƙarshen 2017, aka ƙara masa wani a 2019. A Arewa akwai sashen gashi a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, sannan a 2025 aka buɗe sabuwar cibiya a asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina. Idan jira ya wuce ranar da aka faɗa, a koma cikin ladabi a tambayi dalili, in ta kama a nemi takardar turawa wani wuri. A adana kowane faifan hoto da kowace takarda a jaka ɗaya, a riƙa yawo da ita. A nemi lissafin kuɗin gaba ɗaya tun farko, a kuma leƙa ofishin walwalar marasa lafiya, don a 2021 gwamnatin tarayya ta fara wani asusu na tallafa wa marasa ƙarfi masu dajin mama da na bakin mahaifa da na furostet.

A nan ne nake da roƙo gare mu mazauna Abuja. A ɗakin jira na zauna da mutanen da suka taso daga garuruwa masu nisa, ba su san kowa ba, ba su jin Turanci. Wani dattijo ya miƙo mini takardarsa ya ce, "Yaro, duba mini, me suka rubuta nan?" An rubuta ne ya zo ba tare da ya karya ba, shi kuwa ya sha kokonsa da ƙosai tun asuba, dole aka ɗaga masa zuwa wata rana, ga kuɗin masauki na cin aljihunsa. Abin da ya rasa mutum ɗaya ne kawai da zai karanta masa layi biyu. Mu da muke nan muna da ɗakuna, muna da yara 'yan makaranta, muna da kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin kasuwa da adashe. Mako 7 na zuwa asibiti kullum ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga wanda zai ratso cunkoson Mararaba da Nyanya da sassafe. Wanda ya ba baƙo shimfiɗa, ko ya ɗauke shi a mota, ko ya tura ɗansa ya yi masa tafinta ranar awo, ya sa hannu a cikin maganin.

Su kuma danginmu masu bugo waya daga gida, mun san ƙauna ce ke sa su, amma a bar mara lafiya ya gama abin da ya fara. Addu'a muke nema daga gare ku, ita kuwa ba ta hana hoto, hoto ma ba ya hana ta. Ni dai an gama mini gashi, ina komawa asibiti ana duba ni lokaci-lokaci, kuma na koma taya Baba zaman shago, gorar ruwa a gefena saboda bushewar baki. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya saka wa masu jinya da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin summa amin.

Wassalam.