Abin da ya hana ni kaiwa ƙololuwar Dutsen Kamaru

Mutumin Damagaram yana ganin ya san dutse, tun da a cikin duwatsu aka haife shi. Da wannan alfahari na tafi Buya, garin da ke gindin Dutsen Kamaru, a watan Janairu na 2014, ni da ɗan yayata, saurayi mai shekara 19.

Wata uku na yi ina shiri. Kullum bayan sallar asuba sai in goya jakar yashi in hau duwatsun Birni, har maƙwabta suka fara tambayar iyalina ko lafiya. Na sayi rigunan sanyi na gwanjo, na ƙulla kilishi da dabino. Yaron kuwa dariya yake mini, wai ƙuruciya ta ishe shi guzuri. Ranar tafiya uwarsa ta riƙe hannuna a tasha ta ce: "Amana ce na ba ka."

Wannan dutse ya haura mita 4000, kuma da ransa: ya yi aman wuta a 1999, ya sake a 2000. Narkakken dutsen 1999 ya gangaro har ya datse hanyar bakin teku wajen Bakingili. Jagoranmu, Babakweri ne mai ƙarancin magana, shi ya tilasta mana ɗaukar ruwa fiye da yadda muka so. Na yi mamaki, domin ƙasar tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duniya, amma can sama ƙasa ba ta riƙe ko ɗigo.

Da farko kurmi ne mai duhu da laima. Daga nan itatuwa suka ƙare kamar an yanke su da wuƙa, sai ciyawa da baƙin tsakuwa mai zamewa, taku biyu gaba, ɗaya baya. Mun kwana a bukka ta biyu. Sanyin hunturunmu wasan yara ne a kan na wannan dare. Da taimama na yi sallar asuba a kan baƙin dutse, yatsuna ba sa jin abin da suke taɓawa.

A bukka ta uku yaron ya zauna, ya kasa tashi. Kansa na sarawa, yana amai, maganarsa ta fara sarƙewa. Jagora ya ce ciwon tsauni ne, iska ta yi wa jini kaɗan, kuma maganinsa sauka. Ya ce zai iya zama da shi in ƙarasa tare da wasu masu hawa, tun da abin da ya rage bai fi mita ɗari uku ba. Ina ganin ƙololuwar ƙuru-ƙuru. Ba zan ɓoye muku ba, jama'a, na yi shiru na ɗan lokaci, kuma har yau ina jin kunyar wannan shirun.

Na rataya jakarsa a kan tawa, muka juyo. Kafin mu shiga kurmi ya fara tambaya ko akwai sauran kilishi.