Ɗan wasan da ya ce ba a shirya ba, maƙiyi ne ko masoyi?

Duk wanda ya taɓa riƙon ƙungiyar ƙwallo ta unguwa ya san kalmar nan da ake jifan yaro da ita in ya buɗe baki: "ba ya da kishi". Yau a kanta nake son mu tattauna, domin ta raba mu da yara masu ƙafa da yawa.

A watan Mayu na 2002, ƙasar Ayalan ta kai 'yan wasanta tsibirin Saipan don shirin Kofin Duniya na Japan da Koriya ta Kudu. Kyaftin ɗinsu, Roy Keane na Manchester United, ya tarar fili ya bushe ƙayau, kayan atisaye kuma ba su iso kan lokaci ba. Ya faɗa wa 'yan jarida. Koci Mick McCarthy ya tsare shi gaban 'yan wasa, har ya zarge shi da fakewa da ciwo don ya ƙi zuwa wasan Iran. Keane ya zazzaga masa zagi, aka sallame shi gida. Ba da shi ba suka yi 1-1 da Kamaru, 1-1 da Jamus, suka ci Saudiyya 3-0, Sifen ta fidda su a bugun fenareti. Daga baya hukumar ƙwallon ƙasar ta sa aka yi bincike, rahoton ya gaskata da yawa daga cikin koke-koken Keane. Har gobe mutanen ƙasar ba su daina gardama a kai ba.

Ni na ga irin wannan da idona a wata gasar babban hutu. Kun san lokacin, damina ce, yara na fitowa daga gona da hauya a kafaɗa su wuce fili. An yi karo-karo a unguwa, wani jika guda, wani dala ɗari. Ranar wasa muka tashi da ƙwallo ɗaya mai faci, motar da aka ce an biya ba ta zo ba, yara suka hau kabu-kabu uku-uku, cikinsu ba kome sai kunun safe. Kyaftin ɗinmu ya tambayi ina kuɗin suka shiga. Ya yi tambayar da ƙarfi, gaban dattawa, har da kalmar da ba ta dace ba. Nan take aka cire shi, aka ce ba ya da kishin unguwa. Yaron nan shi ne mai fara zuwa fili, shi ke share ƙaya kafin atisaye. Aka ci mu, aka dawo, kuma ba wanda ya sake tada maganar kuɗin.

To mu duba Mena tamu. Harouna Doula ya kai Nijar gasar Afirka karon farko a 2012, a rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu. Wasa ɗaya aka yi, Gabon ta ci mu 2-0, sai aka ture shi gefe aka ba Bafaranshe Rolland Courbis ragama ana tsakiyar gasa. Sauran wasanni biyun ma ba mu sha ba. A shekarun nan kuma, da filin Seyni Kountché ya kasa cika sharuɗɗan CAF, wasanninmu na gida a Kwatano, Lome da Maroko aka riƙa yin su. Duk da haka, a Nuwamban 2024 yaran suka ci Sudan 4-0 a Lome, suka bi Gana har Akara suka ci ta 2-1. Maki ɗaya tak ya hana mu zuwa gasar. Wa zai ce waɗannan ba su da kishi? Wa ya san inda za su kai da a gaban jama'arsu suke wasa?

Ba ina wanke mai zagi ba ne. A tarbiyyarmu yaro ba ya ɗaga wa babba murya a bainar jama'a, kuma Keane da ya iya bakinsa da ya buga Kofin Duniyarsa. Amma fa hukunta mai rashin kunya daban, amsa tambayarsa daban. Mu mun iya na farkon, na biyun ne kullum muke tsallakewa. In aka kori mai magana, ƙwallon nan mai faci tana nan, motar ma ba za ta zo ba baɗi.

Shawarata ga kwamitocin unguwanni, tun daga Tasawa har Kanembakashe: kafin a fara gasa a karanta lissafin kuɗi gaban kowa. A tanadi ƙwallo, ruwa, abinci da mota tun da sauran kwanaki. A ba kyaftin dama ya faɗi damuwar yara a cikin ɗaki, tun ba ta fito fili ba. Ku kuma samari, ku faɗi gaskiya da ladabi, don a ji ta.

Ku fa, a unguwarku yaya ake yi da ɗan wasan da ya yi ƙorafi? Muna sauraronku. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya haɗa kanmu.