GIDAN LITTLECOTE: YADDA BINDIGOGIN GADO SUKA KUƁUTA DAGA GUDUMAR GWANJO

Matafiyin da ya bar birnin Landan ya nufi yamma, in ya yi tafiyar kimanin mil 70, zai isa wani ɗan gari mai suna Hungerford. Daga nan kuwa mil biyu ko uku ne zuwa bakin kogin Kennet, cikin lardin Wiltshire, inda wani tsohon gida na jan bulo yake zaune a tsakiyar dausayi da manyan itatuwa. Sunan gidan Littlecote. Yau masauƙin baƙi ne, watau otel, inda mutane kan je hutun ƙarshen mako, su ci abinci, su zaga lambu. Amma fiye da shekara 300 gidan nan ya yi yana riƙe da wata dukiya da babu kamarta a duk faɗin Ingila, watau makaman wata runduna guda ta zamanin yaƙin basasar ƙasar, rataye a bangon babban zaurensa.

A da gidan na zuriyar Darrell ne. A shekarar 1589 ya koma hannun Sir John Popham, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Ingila. Shi ne ya shugabanci shari'ar Guy Fawkes da abokansa, waɗanda suka ƙulla makircin tarwatsa Majalisar Dokoki da albarushi a 1605. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1642 tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da Majalisa, sai jikan alƙalin, Kanar Alexander Popham, ya bi bayan Majalisa, ya tara mayaƙa, ya ja su zuwa fagen fama. Aka yi ta gwabzawa har aka fille wa sarki kai a 1649. Sa'ad da sarauta ta dawo a 1660, Popham ya yi mubaya'a, har ma ya sauki Sarki Charles na Biyu a gidan nan a 1663. Kayan yaƙin mutanensa kuwa aka rataye su a zaure, tsara bayan tsara tana wucewa a ƙarƙashinsu.

Kayan sun haura guda 200. Akwai dogayen bindigogin dakaru, irin waɗanda ake ɗurawa ta baki kamar bindigar toka, wasunsu sai an kanga musu igiya mai cin wuta kafin su tashi. Akwai gajerun bindigogin barade da ƙananan na hannu, masu tashi da ƙanƙara. Akwai kwalkwali da sulke na ƙarfe, da ɗamarun zuba albarushi, da riguna fiye da 30 na fata mai kauri, waɗanda suke yi wa mahayi aikin da lifidi yake yi, watau su tare kaifin takobi. Babu zinariya a jikinsu, babu adon sarakuna. Kayan talakan soja ne, irin waɗanda galibi akan yi aiki da su har su lalace a yar. Abin da ya ba su daraja shi ne kasancewarsu tare, a gidan mutumin da ya tara su, ta yadda masani zai tsaya ya ga abin da soja guda ya sa a jikinsa, ya kuma ga na rundunar gaba ɗaya.

A 1929 gidan ya fita daga hannun zuriyar Popham, Sir Ernest Wills, na cikin dangin nan masu kamfanin taba, ya saye shi, makaman kuma suka bi gida. Daga baya gidan ya koma hannun jikansa, Sir Seton Wills, wanda a 1985 ya sayar da shi ga wani attajiri mai suna Peter de Savary. Kayan cikin gida kuwa aka danƙa wa kamfanin gwanjo na Sotheby's, wanda aka kafa a Landan tun 1744, aka sa ranar gwanjo cikin watan Nuwamba na wannan shekara.

Ba a ga laifin magajin da ya ɗauki irin wannan shawara ba, domin kowa ya san nauyin da ke kan masu irin waɗannan gidaje a Ingila. Rufin ɗakuna kaɗai kan cinye dukiya, ga albashin ma'aikata, ga inshora, ga kuma harajin gado da gwamnati take karɓa duk sa'ad da maigida ya rasu. Ƙarfe yana tsatsa, fata tana bushewa ta tsage, kota kuma ƙwari suna cinta in ba a kula ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, amma yana da kyau a san abin da gwanjo yake yi wa kayan gado. Da farko kamfani yakan aiko masanansa su duba kowace bindiga, su karanta hatimin maƙerinta, su auna tsawonta, su gano ko an taɓa sauya mata kota ko kunama. Sa'an nan su bi salsalarta, watau hannuwan da ta bi tun daga ranar da aka ƙera ta, domin bindigar da aka san gidan da ta fito takan fi 'yar'uwarta marar asali kuɗi nesa ba kusa ba. Daga nan a karkasa kayan kashi kashi, kowane kashi da lambarsa, a buga littafi mai hotuna da ƙiyasin abin da ake zaton zai kawo. Mai kaya da kamfani kuma sukan yi yarjejeniya a asirce kan farashin da ba za a sallama ƙasa da shi ba. Ranar gwanjo dillali ya hau mumbarinsa, masu saye su yi ta tayi, wasu a zaure, wasu ta wayar tarho daga ƙasashen waje, har ya buga guduma. Kamfani yana cin la'ada ta fuska biyu: yana yankar rabonsa daga kuɗin mai kaya, mai saye kuma yana biyan ƙari a kan abin da ya taya. A 1975 ne Sotheby's da Christie's suka shigo da wannan ƙari a Landan, a lokacin kashi 10 cikin ɗari. Dokar makamai ta Biritaniya ta 1968 kuma ta yarda mutum ya mallaki tsohuwar bindiga ba tare da lasisi ba, muddin don ado ko tarihi ya ajiye ta, saboda haka masu saye suna da yawa.

Kowane mataki cikin waɗannan yana ƙara wa magaji riba, amma ƙarshensa rarrabuwa ne. Abin da aka tara cikin ƙarni uku yakan watse cikin yini guda, wani kashi ya tafi Amurka, wani Jamus, wani ya shige ɗakin attajirin da ba wanda zai sake gani. Mutanen Ingila ba su manta da abin da ya faru shekara biyu kafin nan ba. A watan Mayu na 1983 aka yi gwanjon makaman fadar Hever, cikin lardin Kent, waɗanda zuriyar Astor suka gada, a hannun wannan kamfani na Sotheby's. Sulke guda ɗaya tak, ƙirar Italiya, wanda aka danganta ga Sarki Henri na Biyu na Faransa, ya kawo kusan fam miliyan 2, sauran kayan kuma suka bi hannuwa dabam dabam. Su na Hever dai kayan ƙawa ne da wani attajiri ya saya nan da can, kowanne yana iya tsayawa da ƙafarsa. Na Littlecote kuwa, in aka raba su, sai kowace bindiga ta koma tsohon ƙarfe kamar sauran, tarihin ya tafi ke nan.

Wannan ne ya ta da hankalin ma'aikatan Royal Armouries, watau gidan ajiyar makaman tarihi na ƙasa, wanda a lokacin yake cikin Hasumiyar Landan. Suka kafa gidauniya, suka yi kira ga jama'a da asusun kare kayan tarihi, cikin ɗan ƙanƙanen lokaci aka tara fiye da fam rabin miliyan. Aka saye makaman a dunƙule kafin guduma ta hau kansu. Magaji ya sami haƙƙinsa, ƙasa ta sami kayanta, sauran kayan gida kuma aka yi gwanjonsu kamar yadda aka shirya. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

Makaman suka ci gaba da zama a bangon da suka saba har 1996, sa'ad da aka sayar da gidan ga kamfanin otel na Warner. A wannan shekara ce kuma aka buɗe sabon gidan Royal Armouries a birnin Leeds, can arewacin Ingila, aka kwashe su zuwa can, inda masana suke lura da ɗumin ɗaki da laimarsa don kada fata ta lalace.

Baƙon da ya shiga Littlecote yau zai tarad da babban zauren yana nan, da dogayen tagoginsa da katakon da ya yi baƙi don tsufa. Zai ga ɗakin ibada na zamanin Kanar Popham, wanda mumbarin wa'azi ne ya tsaya a gabansa bisa al'adar mabiya Majalisa. In ya gangara bakin kogi zai ga daɓen ƙananan duwatsu masu launi na zamanin Rumawa, wanda aka gano a 1727, ya sake ɓacewa ƙarƙashin ƙasa, aka kuma tono shi a 1977. Amma in bindigogin mayaƙan Popham yake nema, sai ya koma tasha ya kama jirgin ƙasa zuwa Leeds, tafiyar kusan mil 200. An cece su daga watsewa, ba a iya riƙe su a gidansu ba. Magada da yawa a Ingila ko rabin wannan ba su samu ba, iyakar abin da ya rage musu na kayan kakanninsu shi ne littafin gwanjo mai hotuna da lambobi.