Sun Gama Karatu, To, Ina Suka Shiga?

A ƙasarmu ta Kazaure, in yaro ya fito daga babbar makaranta, tambaya biyu a kan yi wa iyayensa. Ta fari, "Ya gama?" Wannan da fara'a a ke amsa ta. Ta biyu, "Ya sami aiki?" Nan sai uba ya sunkuyar da kai ya ce, "Ana nan ana nema." Ni malamin makarantar ikkilisiya ne, difloma gare ni, yaran da na koya wa karatu kuwa da dama yau sun fi ni takarda. Saboda haka iyaye su kan zo wurina su tambaye ni ko za su sayar da bijimi su tura ƙanen shi ma. Tambaya ce mai nauyi, gama amsarta tana bukatar ƙidaya, ƙidayar kuwa ita ce wuyar samu.

Makarantu kam mun samu. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu tana Kazaure tun 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, a 2007 kuma Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta. A 2021 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Yaron Roni ko na Gwiwa ba sai ya tafi Zariya ba kafin ya ga ɗakin lacca. A ko'ina cikin ƙasar nan, ranar yaye ɗalibai a kan karanta adadin waɗanda suka gama, a tafa. Wannan ƙidayar masu fita ƙofa ce. Inda ƙafarsu ta sauka bayan ƙofar, shi ne abin da uba ya ke son ji.

Wani zai ce ai gwamnati tana ƙidayar marasa aiki. Haka ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin 100 na masu iya aiki da su ke son yinsa a Nijeriya ba su da shi. A farkon 2023 kuwa adadin ya zama kashi 4.1. Ba masana'antu aka buɗe a tsakani ba, mudun awon aka sake. A dā sai mutum ya yi aikin awa 20 a mako kafin a ce yana da aiki. A sabon mudun, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, awa ɗaya tak a mako ta isa, muddin don samun kuɗi aka yi ta. Masana suna da hujjarsu, domin da haka a ke gwada ƙasa da ƙasa. Amma mai digiri da ya ari babur ɗin wansa ya yi acaɓa ran kasuwa kaɗai, ya shiga sahun masu aiki ke nan. Je ka gaya wa uwarsa haka ka ji abin da za ta ce maka.

A Ingila akwai hukumar da ta ke neman kowane ɗalibi wata 15 bayan ya gama, ta tambaye shi abin da ya ke yi, da abin da a ke biyansa. Dabara ce mai kyau, sai dai in mun ɗauko ta yadda ta ke za ta ruɗe mu. Tun 1973 mai digiri a nan sai ya yi shekara guda yana bautar ƙasa, haka ma mai babbar difloma, kafin nan kuma ga jiran takardar kira. A wata na 15 yaronmu yana iya kasancewa cikin kakinsa, yana karɓar alawus, wanda ya kai naira 77,000 a 2025. Ran da ya tuɓe kakin nan ne lissafi na gaskiya ya ke farawa, gama makarantun kuɗi da yawa da su kan ɗauke shi ba su biyan malami kusa da wannan. Ga kuma masu ƙaramar difloma da masu takardar koyarwa ta NCE, su ba su zuwa bautar ƙasa sam. In da rajistar masu bautar ƙasa za a dogara, su sun ɓace.

Ni dai ina da wani littafi mai kaurin bango inda na ke rubuta tsofaffin ɗalibaina. Lokacin Kirsimati, sa'ad da suka zo gida, na kan tambaye su, in rubuta. Ba na cewa "Kana da aiki?" domin a bakinmu aiki shi ne na gwamnati, mai albashi da fansho. Cewa na ke yi, "Da me ka ke ci? Abin da ka karanta ne? Yana riƙe ka wata zuwa wata, ko sai an taimaka daga gida? Wa ya nuna maka hanyar?"

Amsoshin nan sun nuna mini cewa mu iyaye ma mudunmu ba daidai ya ke ba. Na gwamnati ya cika faɗi, namu ya cika ƙunci. Akwai wani yaro da ya karanta aikin lantarki, yana yawo ƙauyukan Roni yana haɗa wa mutane wutar sola da famfon rijiyar burtsatse. Yara biyu suna koyon aiki a hannunsa, shi ya ke biyan kuɗin makarantar ƙanwarsa. Ubansa har yanzu in an tambaye shi sai ya ce, "Bai samu ba tukuna." Akwai kuma wani mai digiri da ke zaune a rumfar POS ta wani, daga safe har dare, abin da a ke ba shi bai kai ya kama ɗaki ba. Shi kuwa kowa ya gan shi da na'ura a hannu sai ya ce ya samu. A littafina na farkon na rubuta masa "ya tsaya da ƙafarsa", na biyun "yana jira".

'Yan mata su ne suka fi saurin faɗuwa daga lissafi. Yarinya ta gama, an yi aure, ta bi miji wani gari, lambar wayarta ta canja. Sai ka bi ta wurin uwarta kafin ka ji ashe tana ɗinki, ko tana koyarwa, ko kuwa takardar tana ƙasan akwati.

Abin da malami ɗaya ya ke yi da biro, makaranta mai kwamfuta za ta iya yinsa da sauƙi. Kowane ɗalibi ya bar lambar wayarsa da ta wani ɗan'uwansa ran karɓar sakamako. Shekara guda bayan bautar ƙasa a kira shi, bayan shekara uku a sāke kira, a buga abin da aka samu sashe sashe, masu lantarki dabam, masu aikin akawu dabam. Jami'ar Babura sabuwa ce, tana da zarafin fara irin wannan littafi tun daga shafin fari. Kafin nan, uban da ya zo mini da zancen bijiminsa, na kan buɗe nawa littafin, in nemo masa yara biyu ko uku da suka karanta abin da ɗansa ya ke so, in ce ya je ya zauna da su tukuna.